Yadda malami zai kafa majalisar aji a makarantun Kaduna

Malamin da ke son ɗalibansa su riƙa sa baki a harkar karatunsu zai fara ne da tantance abin da zai iya sakar musu da gaske. Manhaja ba tasa ba ce balle ya ba su, haka ma ranar jarrabawa da lokacin tashi, domin waɗannan daga sama ake aiko su. Amma tsarin zama a aji, da rabon shara, da zaɓen monita, da horon mai makara, da babin da za a maimaita kafin jarrabawa, duk suna hannunsa. Ya bayyana wa yaran wannan iyaka tun ranar farko, saboda yaron da aka nemi ra'ayinsa sannan aka yi watsi da shi ba kasafai yake sake ɗaga hannu ba.

Bayan ya sami amincewar hedimasta, sai ya ware kamar minti 20 a mako don zaman majalisar aji, a rana guda da ba ta canzawa. Makarantar Summerhill, wadda A. S. Neill ya kafa a 1921 kuma take Ingila a yau, ta yi suna ne da irin wannan zama, inda ƙuri'ar yaro da ta malami nauyinsu ɗaya. Sai dai ƙaramar makarantar kwana ce mai zaman kanta, kuma wanda ya ɗauko tsarinta ɗungurungum ya kai shi aji mai cunkoso a Rigasa ko Tudun Wada zai sami hayaniya kawai. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a raba ajin rukuni-rukuni, goma-goma, kowane rukuni ya tattauna batu ɗaya na minti biyar, sannan wakilinsa ya tashi ya faɗi matsayarsu. A riƙa sauya wakilin kowane mako, a kuma riƙa karɓa-karɓa tsakanin mata da maza wajen jagorantar zaman, domin in an bar abin haka, bakin 'yan gaban aji su huɗu ko biyar kaɗai za a ji har zango ya ƙare.

Zaɓen monita ya cancanci a ba shi lokaci, don a nan yara suke fara ganin ko maganar gaskiya ce. Kada a yi shi da ɗaga hannu, domin ƙaramin yaro ba zai iya ƙin ƙaton da zai haɗu da shi a lokacin tara ba. A yanka takardu ƙanana, kowa ya rubuta suna ɗaya ya ninke ya jefa a kwalin alli, sannan ɗalibai biyu su buɗe su a gaban kowa, na uku yana ja wa kowane suna sanda a allo. Wa'adin zango ɗaya ya isa. Ko da wanda ya ci ba shi malami ya so ba, ya karɓi sakamakon. A ganina, ya kamata kuma a raba monita da bulala da rubuta sunayen masu surutu, waɗanda kan mai da shi abin tsoro, a ba shi aikin kai kukan aji ga malami.

Dokokin aji su ma yara za su tsara, kada su wuce biyar ko shida, a manna su a bango. Malami zai yi mamakin tsananin hukuncin da yara kan yanke wa junansu, saboda haka ya riƙe ikon soke duk wanda ya ƙunshi duka ko wulaƙanci, ya kuma faɗi dalilinsa. A cikin darasi kuwa, hanya mai sauƙi ita ce kowa ya rubuta abin da bai gane ba a takarda ba tare da suna ba, malami ya buɗe darasin gobe da tambayar da ta fi maimaituwa.

Wasu iyaye za su ji tsoron raini, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Malami ya yi musu bayani a taron iyaye da malamai cewa sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, cewa ya yi a saurari yaro a kuma auna ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa; bai ce a bi duk abin da ya faɗa ba. Gaisuwa da ladabin magana suna nan daram a cikin zaman.

A tanadi littafi guda na rubuta abin da aka yanke, a fara kowane zama da karanta na makon jiya da kuma inda aka kwana a kansa. Matsalar da ta fi ƙarfin aji, kamar lalacewar bayan gida ko rashin kujeru, sai a rubuta ta a miƙa wa wakilan ɗalibai da ke cikin kwamitin gudanar da makarantar (SBMC), su dawo wa aji da amsar da aka ba su.