Yadda ake kula da rafin da siririn mazarin Coenagrion mercuriale ke rayuwa

Siririn mazarin da masana ke kira Coenagrion mercuriale ƙwaro ne mai launin shuɗi da baƙi, tsawonsa bai wuce kamar santimita 3 ba, kuma ana samunsa a yammacin Turai da arewacin Afirka, daga Ingila da Faransa har zuwa Sifaniya da Maroko. Ƙungiyar IUCN, mai fafutukar kare halittu a duniya, ta sanya shi cikin halittun da ke dab da shiga barazanar ƙarewa, dokar kare muhallin halittu ta Tarayyar Turai ta 1992 ta ambace shi, haka ma dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981. Saboda haka kada ka kama shi ba tare da izini ba. Kallo ya wadatar.

Da farko ka tabbatar shi ne. Idan ya sauka, yakan haɗe fikafikansa a bisa bayansa, saɓanin babban mazari mai baza su. A gaɓa ta biyu ta cikin namijin akwai baƙar alama mai kama da hula mai ƙahoni, da ita ake bambanta shi da danginsa. Watannin Yuni da Yuli, a ranar da rana ta buɗe kuma babu iska, su ne lokacin da ya fi dacewa da nema.

Daga nan sai ka duba ruwan. Wannan ƙwaro yana son rafi marar zurfi, mai gudu a hankali, wanda ke fitowa daga idon ruwa, domin irin wannan ruwan ba ya daskarewa da sauƙi a lokacin hunturu kuma ba ya ƙafewa da zafi. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, tun da a Birtaniya tsutsarsa kan shafe shekara biyu a cikin ruwa kafin ta yi fikafikai, don haka rafin da ya ƙafe ko da sau ɗaya ya hallaka zuriya biyu.

Babban kuskuren masu kyakkyawar niyya shi ne su killace wurin su hana dabbobi shiga. Da zarar an daina kiwo, dogayen ciyayi da kurmi sukan rufe rafin, inuwa ta kashe tsirrai masu taushin kara waɗanda macen ke saka ƙwai a cikinsu. Ka bar shanu ko dawakai kaɗan su yi kiwo a bakin ruwan, kamar yadda ake yi a dajin New Forest da ke kudancin Ingila. Cin ciyawarsu da tattakinsu ne ke buɗe gefen rafin ga hasken rana. Amma garke mai yawa zai mayar da wurin taɓo, don haka sai an yi awo.

Idan ya zama dole a yashe magudanar, kada a yashe ta gaba ɗaya a shekara guda. A ɗauki gajeren yanki ko gefe ɗaya, a bar sauran har tsirrai su dawo, domin yawancin ƙwarin da suka riga suka yi fikafikai ba sa nisa da inda suka fito fiye da 'yan mitoci goma-goma, kuma wurin da suka ɓace da wuya wasu su zo su cike shi. A nisanta takin zamani daga bakin ruwan, a kuma guji zurfafa rafin ko janye ruwansa don ban ruwa.