Kafin ka karɓi makullin gida a Amurka

Ɗan uwa, ka nemi lauyan da zai kammala cinikin ya riƙe wani abu daga kuɗin mai sayarwa har takardar kuɗin ruwa ta ƙarshe ta fito.

A garuruwa da dama bashin ruwa gida yake bi, ba mutum ba. Lauya yana biyan bashin da bincikensa ya nuna, wanda bai shiga rajista ba kuwa sai ya wuce shi. Ni wata biyu da tarewa takarda ta iso, tsohon mai gidan ya daina ɗaga waya.

Amma fa sai mai sayarwa ya sa hannu ya yarda a riƙe kuɗin tun kafin a raba kuɗi. Kuma a jihar Jojiya, in da rancen banki ka saya, lauyan na banki ne, kai za ka tayar da maganar.