Babi na Bakwai: Shirin Doguwar Tafiya a Kan Keke

Darasi na 1: Lissafin hanya

Doguwar tafiya a nan ita ce ta kwanaki, wadda za ka ɗaura kayanka a kan keke, ka kwana a hanya, gari ya waye ka ci gaba. Kafin ka taɓa keken, ɗauko takarda da fensir.

A allon hanya da taswira za ka ga haruffa biyu, k da m, a haɗe: km. Suna nufin kilomita. Idan ka ga 60 km, karanta shi kilomita sittin. Keke mai kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa guda. Ka tuƙa awa 4, ka sami 4 sau 15, wato 60. Sabon matafiyi ya tsaya a kan kilomita 50 zuwa 60 a rana. Idan duka tafiyar kilomita 300 ce, raba 300 gida 60, ka sami kwana 5, sai ka ƙara kwana ɗaya na hutu. Ranar da hanya take da hawa, ko yashi, ko iska tana bugowa ta gaba, rubuta 40 kawai.

Yanzu ja layi huɗu a takardarka. Layi na farko sunan gari, na biyu nisansa daga garin baya, na uku inda ruwa yake, na huɗu inda za ka kwana. Rubuta takardar sau biyu, ka bar ɗaya a hannun wani na gida. Taswirar waya tana da amfani, amma cajin waya yana ƙarewa.

Jiki ma sai an shirya shi. Makonni kafin ranar tashi, fara da kilomita 15, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Daga baya ka tuƙa kwana biyu a jere da dukan kayanka a ɗaure, domin ciwon mazauni da na gwiwa sai a rana ta biyu suke bayyana.

Darasi na 2: Rubutun da ke jikin taya

Durƙusa ka dubi gefen tayarka. Akwai lambobi da aka buga a jikin robar. Idan ƙura ta rufe su, goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka ji kunya idan ba ka taɓa lura da su ba, yawancin masu keke ba su taɓa karanta su ba.

Za ka ga abu kamar 26 x 1.75, ko 28 x 1 1/2, ko 700 x 35C. Lambar farko girman da'irar taya ce, ta biyu kaurinta. Kusa da su akwai wata lamba mai ɗan layi a tsakiya, kamar 47-559 ko 37-622. Wannan ta fi tabbas, domin lambar ƙarshe ita ce ainihin girman rim da milimita. Tayoyi biyu suna iya ɗaukar lamba 28, ɗaya 622 ɗaya 635, kuma ɗaya ba za ta hau rim ɗin ɗayar ba. Kwafi lambarka a takarda yadda take, harafi da harafi. Da ita za ka sayi tub, wato robar ciki mai riƙe iska.

Sai wani rubutu mai PSI ko BAR, misali 40-65 PSI. Wannan yawan iskar da tayar take ɗauka ne. Kada ka gaza lambar farko, kada ka wuce ta biyu. Keke mai kaya yana son iska kusa da babbar lambar, musamman tayar baya.

Dubi bawul kuma. Iri uku ne: mai kauri irin na mota, siriri mai ɗan noti a kai, da na tsofaffin kekuna mai noti a wuya. Gwada famfonka a kan bawul ɗinka a gida.

Darasi na 3: Faci

Wannan darasi shi ne ya fi tsawo, kuma da gangan ne. Mai doguwar tafiya zai sami hujin taya, a wurin da babu mai faci. Abin da kake bukata: liba biyu ko uku na ɓamɓare taya, famfo, samfefa, sholisho, faci, alli ko biro, da sifana mai lamba 15 idan noti ne yake riƙe ƙafar keken. Lambar tana rubuce a jikin sifanar.

Mataki na 1. Kwance birki, cire ƙafar, fitar da sauran iskar gaba ɗaya. Sa liba a ƙarƙashin leɓen taya, nesa da bawul, ka ɓamɓare gefe ɗaya kawai. Zaro tub.

Mataki na 2. Buga wa tub iska, ka zagaya da shi kusa da kunnenka ko leɓenka har ka ji inda take fita. Idan akwai ruwa a roba, nutsa shi ka nemi kumfa. Zagaye hujin da alli, da faɗi, domin samfefa za ta goge ƙaramar alama.

Mataki na 3. Karanta hujin. Huji ɗaya ta bayan tub, ƙaya ce ko ƙusa ko kwalba. Huji biyu kusa da juna, iska ce ta yi kaɗan har rim ya matse tub a rami. Huji ta ciki, wajen rim, kan sifoki, wato wayoyin ƙafar keke, ne ya leƙo ko robar da ke rufe su ta goce. Sa yatsu a hankali ka shafa cikin taya duka, zagaye guda cur. Abin da ya huda tub yawanci yana nan a maƙale, idan ba ka cire shi ba zai sake hudawa.

Mataki na 4. Fitar da iska, busar da tub, goge wurin da samfefa har ƙyallinsa ya tafi. Wurin da ka goge ya fi facin faɗi.

Mataki na 5. Shafa sholisho siriri, ɗigo ɗaya ka baza shi da tsabtataccen yatsa, shi ma ya fi facin faɗi.

Mataki na 6. Jira. Kada ka ɗora faci. Jira minti 5.

A nan ne kusan kowa yake faɗuwa, don haka mu tsaya. Hankali yana ce maka abin liƙi sai yana jiƙe yake kamawa. Sholisho ba haka yake ba. A cikinsa akwai wani ruwa mai ƙarfin wari da dole ya tashi ya bar robar kaɗai. Idan ka rufe shi da faci yana jiƙe, ruwan ya rasa hanyar fita, facin ya zauna a kan danshi. Zai yi kamar ya kama. Ka tuƙa kilomita kaɗan, taya ta ɗau zafi, tub ya miƙe, gefen facin ya ɗaga, iska ta fita. Sai ka ce facin ne marar kyau, alhali gaggawa ce.

Ta yaya za ka san ya bushe? Da ido. Jiƙaƙƙen sholisho yana ƙyalli, busasshe ya dushe. Idan akwai ko ɗan wuri ɗaya mai ƙyalli, bai yi ba, ƙara jira. Idan ba ka da agogo, ƙirga daga 1 zuwa 300 a hankali, ka ga har ƙirga ka yi bita. Lokacin sanyi ko damshi, ƙara minti 2 ko 3. Kada ka taɓa wurin don ka gwada, maiƙon yatsa yana ɓata shi. Kada ka hura masa iskar baki. Kada ka kyasta masa ashana, kana iya ƙona tub ɗin.

Maimaita da baki: shafa siriri, jira ya dushe, sannan faci. Sake faɗa. Rubuta shi a littafinka sau uku.

Mataki na 7. Bayan ya dushe, kuma sai bayan ya dushe, ɓare takardar azurfa da ke bayan facin ba tare da ka taɓa fuskarsa ba. Ɗora tsakiyarsa a kan hujin. Danna da ƙarfi minti guda, daga tsakiya zuwa gefe, da babban yatsa ko bayan liba.

Mataki na 8. Sa wa tub iska kaɗan, yadda zai yi zagaye kawai. Fara sa bawul a raminsa a miƙe, cusa sauran tub cikin taya, ka mayar da leɓen taya da hannu. Liba a nan tana cizon tub ta yi sabon huji. Kafin ka cika iska, matsa taya ta kowane gefe ka leƙa, kada tub ya leƙo a ƙarƙashin leɓe. Mayar da ƙafa, ɗaure noti, mayar da birki.

Wanda facinsa ya tashi a gwajin farko kada ya karaya, hannu yana koyo. Amma jama'a, a kowane aji an faɗa an nanata, sai ka juya ka ga mutum ya shafa sholisho ya manna faci nan take, wai ya ga ana jiransa. Wa yake jiranka? Minti 5 ne fa. Wanda ya kasa haƙurin minti 5 a inuwa zai tura keke mai kaya awa biyu a rana. Babba da kai, a ce sai an riƙe maka hannu? Jira ya dushe.

Aiki: Samo tsohon tub, huda shi da allura wuri uku, yi faci uku. A kowanne, faɗa da ƙarfi abin da kake jira kafin ka ɗora facin. Ka tafi da sabon tub guda biyu a jaka, a hanya ka canza, da yamma ka yi facin a natse. Duba sholishonka ma kafin tashi, wanda aka taɓa buɗewa yakan bushe a cikin gwangwaninsa.

Darasi na 4: Duba keke

Yi wannan mako biyu kafin tafiya, don a sami lokacin gyara.

Sirdi: zauna, ɗora diddige a feda tana ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai. Idan gwiwa ta lanƙwashe, ɗaga sirdin, in ba haka ba gaban gwiwa zai yi ciwo.

Birki: matsa kowanne ka tura keken. Idan hannun birki ya taɓa kan keke, waya ta saki. Idan tsagin da ke jikin robar birki ya shafe, canza ta.

Sarƙa: ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya ta sarƙar. Alamar inci 12 ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta zarce alamar da milimita ɗaya da rabi zuwa 2, sarƙar ta miƙe, canza ta kafin ta cinye haƙoran giya. Ɗiga mai, goge na waje da tsumma, mai da yawa ƙura yake tarawa.

Sifoki: matsa su biyu-biyu, wanda ya yi sako-sako a ɗaure shi. Ƙafar baya mai sifoki 36 ta fi jure kaya. Bi notin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, ɗaya bayan ɗaya, su ne girgiza take fara kwancewa.

Darasi na 5: Kaya

A jikin kariya akan rubuta nauyin da take ɗauka, misali 25 kg, wato kilo 25. Kada ka kai can. Masu nauyi a ƙasa, kusa da tsakiyar ƙafa, hagu da dama daidai wa daida. Wajen kashi 60 cikin 100 a baya, 40 a gaba. Kada ka goya jaka mai nauyi. Kada igiya ta yi lilo kusa da sifoki. Kayan gyara a sama: alanki 4, 5 da 6, filaya, wayar birki, famfo, da kayan faci. An dai gaya muku yadda ake da sholisho.

Darasi na 6: Ruwa

Lokacin zafi, rabin lita zuwa lita ɗaya kowace awa. Sha kafin ƙishi. Fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Ka ji jiri ko ciwon kai, sauka ka nemi inuwa. Ci kaɗan-kaɗan a kai a kai. Tashi da sassafe, huta da tsakar rana.

Darasi na 7: Titi

Hular kwano. Riga mai haske. Farar fitila a gaba, ja a baya. Nuna hannu kafin ka juya. Kada ka yi tafiyar dare.

Aiki: Kwafi wannan darasi a littafinka.