Idan aka ce ka jagoranci binciken Littafi Mai Tsarki a kan ceto ta wurin alheri

A ƙauyukanmu na wajen Sumaila da Tudun Wada ba kowace majami'a ke da fasto ba, wani lokaci mai bishara ɗaya ne ke zagaya wurare uku a mashin, ranar da bai zo ba sai dattawa su ce kai ɗan makaranta tashi ka jagorance mu. To in batun ceto ne ga yadda nake bi.

Ka buɗe Afisawa 2 amma dan Allah kar ka tsaya a aya 8 da 9 kawai, masu cewa ta wurin alheri aka cece mu ba ta ayyuka ba, don su kowa ya haddace. Ka sa wani ya karanta tun daga aya 1 har 10, da ƙarfi kuma a hankali saboda iyayenmu mata da ba sa karatu. A farkon surar Manzo Bulus, mai rubuta wasiƙar, cewa ya yi matattu muke cikin zunubi, sai ka tambaye su, gawa tana iya biyan wani abu? Lambobin ayar nan fa ba Bulus ya sa su ba, sai a 1551 aka sa wa Sabon Alkawari, wasiƙa ce sukutum ya aika.

Kalmar alheri kanta sai ka ɗan tsaya a kanta, don mu mun saba da alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato ka yi yau a rama maka gobe, irin na biki. Na Allah ba haka yake ba. Romawa 4:4 ya kawo misalin da duk manomi ya sani, ɗan ƙwadagon da ya wuni yana maka noma in ka biya shi da yamma ba kyauta ka yi masa ba, guminsa ne. Ceto kuwa kyauta ce, zakka da baiko da zuwa addu'ar safe ba sa sayen sa, bangaskiya kuma miƙa hannu ne kawai a karɓa.

Ka shirya fa, wani baba zai ɗaga hannu ya ce ai Yakubu 2 ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Kar ka ji haushi, ka ce gaskiya ne baba, mu duba tare. Yakubu yana magana ne kan mai cewa ya ba da gaskiya amma ɗan'uwa ya zo masa da yunwa ba riga ya sallame shi da fatar baki. Kuma abin sha'awa Yakubu da Bulus duk Farawa 15:6 suka ɗauko, inda aka lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci, zancen miƙa ɗansa Ishaku hadaya, wanda Yakubu ya kawo a matsayin misalin ayyuka, sai can a sura 22, shekaru sun wuce. Ni dai nakan ce gero ba don ya fid da kai yake da rai ba, don yana da rai ne ya fid da kai. Sai ka mai da su Afisawa 2:10 su gani da idonsu, Bulus ma ya ambaci kyawawan ayyuka, amma bayan ceto ya kawo su.

In an yi tambayar da ta fi ƙarfinka ka rubuta ta a bayan littafin waƙoƙinka, ka ajiye wa mai bishara ran Lahadi.