Kafin ka biya kuɗin siririn laftof, duba ram da batir

Kwanakin baya wani ƙanena ya zo min da laftof ɗinsa, siririya gwanin sha'awa, in ka sa ta a jaka ma sai ka manta tana ciki, wai in raka shi wajen mai gyara a ƙara mata ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, don ta fara tafiyar hawainiya, da ya buɗe Chrome da Word tare sai ta tsaya tana tunani. Muka je, mai gyaran ya kwance bayanta ya leƙa, ya ɗago ya ce "oga wannan ai onbod ce". Ma'ana ram ɗin a liƙe yake da dalma a jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, tun daga kamfani, babu gurbin da za a soka wani. Giga 4 ya saya, kuma giga 4 ɗin nan zai ci gaba da zama da ita har ranar da zai rabu da ita. Shi kuwa wanda ya sayar masa cewa ya yi "ai kana iya ƙarawa daga baya".

To don kar wani ya sake faɗawa wannan ramin, ga yadda ake dubawa tun kana tsaye a shago, ko a Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikeja, duk hanyar ɗaya ce.

Amma fara sanin dalilin da ya sa suke liƙewa, don ba mugunta ce zalla ba duk da akwai son kuɗi a ciki. Tun Janairun 2008 da Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, sannan Intel ta fito da tsarin Ultrabook a 2011, kamfanoni suka shiga tseren wa zai fi wani siranta. Gurbin ram na gargajiya, wanda ake ce wa SODIMM, yana cin wuri kuma yana da tudu. Sannan akwai wani nau'in ram mai suna LPDDR da ba ya shan wuta sosai, musamman in kwamfutar tana barci, shi kuma yana son zama dab da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ya sa ake liƙe shi. Ka ga kenan batirin da ke daɗewa da ram ɗin da ba ya ƙaruwa uwa ɗaya ce ta haife su. A MacBook masu firosesar Apple ta M1 zuwa sama, wato daga Nuwamban 2020, ram ɗin ma a jikin firosesar yake kacokan, babu zancen ƙari ko kaɗan.

Yanzu dubawa. In Windows ce, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance sai Memory. Can ƙasa za ka ga Slots used da Form factor. In an rubuta SODIMM kuma ya ce 1 of 2, akwai alamar gurbi ɗaya a buɗe. In ka ga Row of chips, to a liƙe yake, ka haƙura. Sai dai kar ka rantse da wannan shafin, yana yin ƙarya wani lokaci, zai nuna maka gurbi biyu ko huɗu alhali duk a liƙe suke. Saboda haka juya kwamfutar ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta a ƙasa, ka buga a wayarka ka duba abin da kamfanin da kansa ya rubuta. Lenovo suna da shafi mai suna PSREF da ke fayyace komai. In ka ga kalmar LPDDR3 ko LPDDR4X ko LPDDR5, kusan ko da yaushe liƙaƙƙe ne. Abin da ya fi duka kuwa shi ne ka ce a kwance maka murfin bayan ka gani da idonka, kusoshi ne 'yan kaɗan, mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Iri uku za ka tarar. Akwai masu gurbi biyu da za ka cire ka sa yadda kake so, irin su ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5 da G6, waɗannan su ne dokin aiki kuma ba wani kauri ne da su na a zo a gani ba. Akwai masu rabi da rabi, wani a liƙe sannan gurbi ɗaya a buɗe, kamar T480s da T490. Sai kuma masu liƙaƙƙe gaba ɗaya, su ThinkPad X1 Carbon, Dell XPS 13, duk wata MacBook Air, da EliteBook x360 1030 ɗin nan mai juyawa da 'yan makaranta ke mutuwar so. Lura da yadda harafi ɗaya kawai, T480 da T480s, ya canja labarin, shi ya sa na ce cikakkiyar lamba.

Nawa ya kamata ka nema? Ni dai ra'ayina, in liƙaƙƙe ne kar ka sauka ƙasa da giga 16 in aljihu zai iya, in ba hali to 8 kuma ka san iyakarka kenan, rubutu da bincike da kallo. Giga 4 liƙaƙƙe kuwa ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Eh Microsoft ta ce giga 4 ne mafi ƙarancin da Windows 11 ke buƙata, amma wannan na ta tashi ne kawai, ba na ka yi aiki cikin kwanciyar hankali ba. Ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma 11 a hukumance sai firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, don haka wannan ma ka duba. Apple da kanta da ta daɗe tana kare giga 8, a Oktoban 2024 ta mayar da 16 ya zama na farawa a MacBook Air.

Wani abu da ke rikita mutane, mai shago zai ce maka "memori 512 ce". Wannan ma'ajiya yake nufi, SSD, inda fayil ke zama. Ram daban, shi ne teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi yanzu-yanzu. SSD kan ciru a yawancin siraran Windows ko da ram ɗinsu a liƙe yake, amma a MacBook na shekarun nan shi ma a liƙe yake. Ka tambayi kowanne da sunansa.

Za ka ji wasu masu gyara na cewa za su iya ɗaga liƙaƙƙen ram da iska mai zafi su dasa babba. Akwai ƙwararrun da ke yi da gaske, amma caca ce, in hannu ya goce bod ɗin gaba ɗaya ya tafi, ni ba zan ba da kwamfutar da nake cin abinci da ita a gwada ba.

In Allah ya sa taka mai gurbi ce, aikin ba wuya. Duba ko DDR4 take ci ko DDR5, don tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kar ka danna da ƙarfi. Ka tabbatar ɗan gajeren na laftof ne ba dogon na kwamfutar tebur ba. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, in ka buɗe ka fara cire wayar batir daga bod kafin ka taɓa komai, sai ka soka ram ɗin a karkace ka danna shi ƙasa har 'yan maƙalan gefe su ce ƙas. Tashin farko tana iya ɗan jimawa da baƙin sikirin, kar gabanka ya faɗi.

Sai batir, wanda a wajenmu da wuta ke zuwa ta ga dama shi ne rabin kwamfutar. "Tana kai awa takwas" magana ce da kowane mai shago ya haddace, kar ka kama ta. Girman batir da Wh ake auna shi, wato yawan wat ɗin da zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya, yawancin sirara suna tsakanin 40 da 60 ne don babu wurin sa babba. Lissafin kuma mai sauƙi ne, raba Wh ɗin da wat ɗin da kwamfutar ke sha. Batir mai 50 in tana shan wat 10, awa biyar kenan, in ka kunna abu mai nauyi ta koma shan 25, awa biyu. MacBook Air M1 batirinta 49.9 ne kacal amma Apple ta ce tana kai awa 18, ka ga a wannan gwajin ko wat 3 ba ta sha, bidiyo ne kawai ake kallo an rage haske. Duk alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a irin wannan yanayin ake samo su, kuma da sabon batir fil, ba wanda wani bature ya yi shekara huɗu yana caji a ofis kafin a loda shi a kwantena ba.

Don ka san gaskiyar na hannu, in Windows ce nemo Command Prompt a Start ka buɗe, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai ajiye wani fayil ya nuna maka inda yake, buɗe shi. Layi biyu kake nema, Design capacity wato yadda aka ƙera shi, da Full charge capacity wato abin da yake iya ɗauka yau. Misali na farko ya ce 57,000 na biyu ya ce 30,000, ka ga kusan rabin batirin ya tafi, ko dai a rage maka kuɗin sabon batir ko ka ƙara gaba. In yana sama da kashi 80 cikin ɗari, lafiya lau. A Mac kuma riƙe Option ka danna tambarin tuffa, shiga System Information sai Power, za ka ga Cycle Count da Condition. Apple ta ce an ƙera batiran ne su riƙe kusan kashi 80 har zagaye 1000 na caji, to in ka ga 900 da wani abu ka san ya sha duniya.

Ko rahoton ya yi kyau, yi gwajin ido. Zare caja, ƙara haske, kunna bidiyo na minti ashirin kana hira da mai shagon kana satar kallon lambar. Batiran jabu da ake canjawa kafin a sayar sukan nuna lafiya a takarda, amma sai ka ga daga 60 ya yi tsalle ya dira 20, ko ta ɗauke ɗif. Sannan ɗora ta a kan tebur ka ga ko tana rawa, ka danna wajen linzamin yatsa ka ji ko ya ƙi dannuwa ko ya taso. Wannan batir ne ya kumbura a ƙasa, kuma kumburarren batir ba abin wasa ba ne, a cire shi, kar a huda, kar a ci gaba da caji. Daɗin abin dai shi batir ana canja shi ko da na ciki ne, sai dai ka tambaya tun yanzu ko ana samun na samfurin a kasuwa, don wasu siraran sai an yi odar sa.

Ka lura da harafin da ke ƙarshen lambar firosesa ma. Mai U, kamar i5-8250U, an yi ta ne don tattalin wuta, wajen wat 15. Mai H tana kai 45, ƙarfi gare ta amma ba ta san tausayin batir ba. Sikirin mai 4K shi ma mashayin wuta ne, a inci 13 kuwa da ƙyar idonka zai ga bambancin.

Bayan ka saya, babban makashin batir zafi ne. Apple ma cewa ta yi a yi amfani da kwamfutocinta tsakanin digiri 10 da 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, don haka kar ka ƙara mata da ɗorawa a kan katifa ko filo inda hancinta zai toshe, kar ka bar ta a mota a rana. Na biyu shi ne zama a cike maƙil kullum a jikin caja. In kana da sola ko wutar unguwarku na zama, sa mata iyaka ta riƙa tsayawa a 80, manhajar Lenovo Vantage na yi, ta MyASUS na yi, Dell na da shi a manhajarsu da cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, EliteBook ma a BIOS yake da sunan Battery Health Manager. Amma in wutar awa uku ake ba ku a rana, cika abarka ɗari, amfanin batir ai a yi aiki da shi ne. Abin da dai za ka guje wa shi ne barin ta tana mutuwa a sifili kullum, ko ka ajiye ta wata da watanni babu caji. In an kawo wuta ko an tada janareto, ɗan jira minti ɗaya ta daidaita kafin ka jona.

Don ta kai ka yamma, rage hasken sikirin shi ne na farko kuma ya fi komai tasiri, kashe fitilar kibod da rana, rufe shafukan Chrome ashirin ɗin nan da ba ka karantawa, shiga Startup a Task Manager ka kashe tarkacen da ke tashi da kansu. Wannan na ƙarshen yana sauƙaƙa wa ƙaramin ram ma. In kwamfutar tana caji ta USB-C, fawa bank mai 20,000mAh kusan Wh 74 ne a takarda, ko an cire asarar da ake yi a hanya zai ba ta kusan cikin caji guda, amma sai wanda aka rubuta yana fitar da wat 45 ko 65, na waya mai 10 ko 18 ba zai ɗaga ta ba, kuma ba kowace kafar USB-C ce ke karɓar caji ba, gwada kafin ka biya. Mai tafiya a jirgin sama ya tsaya a fawa bank na ƙasa da Wh 100 kuma a jakar hannu.

Shi ƙanen nawa dai mun kashe mata tarkacen Startup, ya koma buɗe shafi uku kacal a lokaci guda, ya lallaɓa da ita zuwa ƙarshen zangon karatu, sannan ya yi musaya da ciko ya ɗauko T480 mai giga 8, gurbi ɗaya a buɗe yana jiran ranar da kuɗi za su shigo. Ta ɗan fi waccan nauyi a jaka, har yanzu yana mita a kan hakan.