Allon maƙala takardu a ofishin gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga mai son babban allon da zai riƙa soka takardu a bangon ɗakin aikinsa, ba sai ya jira na waje ba. Shi wancan daga ɓawon wata bishiya ake yinsa, Fotugal ce kan gaba wajen samar da shi, kuma yakan zo siriri, fil ya huda shi ya tarar da siminti.

A je wajen 'yan katako a nan Katsina a nemi silin mai taushi, wanda farce ke lotsawa. Falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Kafinta ya yanka daidai bangon, ya yi masa firam. Sai a lulluɓe shi da yadi mai kauri, a ja shi sosai, a kama ta baya da ƙananan ƙusoshi. Ni na fi son yadi marar ado kuma mai duhu, domin fari ba ya jure ƙurar hunturu.

Don Allah kada a manna shi da gam a jikin bango. A rataye shi, a bar ɗan sarari a baya saboda danshin damina, katakon firam ɗin kuma a shafa masa maganin gara kafin a haɗa.