Takardar haihuwa ta ce 1872, ƙidaya ta ce 1875, wacce za ka ɗauka?

Duk mai bin salsalar danginsa sai ya yi karo da wannan. Toh kar ka ce takardu uku sun ce kaza, ɗaya ta ce kaza, dan haka masu yawa sun ci, ba zaɓe ake yi ba. Sau da yawa ukun nan daga baki ɗaya suka fito, wani ya kwafi wani. Kowace takarda ka yi mata tambaya biyu: wa ya ba da labarin, kuma yaushe aka rubuta?

Rajistar da aka yi jariri yana kwana goma, uwa ko uba ne suka faɗa, ita ce gaba, gani ya kori ji. Shi kuwa malamin ƙidaya ƙofa yake bugawa, wanda ya tarar shi zai tambaya, ko yaro ko maƙwabci, ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo ya wuce gida na gaba. A Amurka ma sai a ƙidayar 1940 aka fara sa alamar X a jikin sunan wanda ya amsa tambayoyin. Shi ya sa za ka ga masu 30, 40, 50 sun cika takarda, kintace ne kawai. A Ingila a 1841 umarni ne ma aka bayar, wanda ya haura 15 a rage shekarunsa zuwa biyar-biyar, mai 29 sai a rubuta 25, kaga ba ƙarya ya yi ba.

Kafin ka ce akwai saɓani duba ranar ƙidayar tukuna, nan mutane suka fi zamewa. Ta Amurka ta 1910 ranar 15 ga Afrilu ce, ta 1920 kuma 1 ga Janairu. A ce kakan babanka an rubuta 35 a ta farko, 44 a ta biyu, in ka ɗebe kai tsaye za ka samu 1875 da 1876, sai ka zata sun saɓa, alhali in ka lissafa da ranakun duka biyun suna nuna an haife shi tsakanin 2 ga Janairu da 15 ga Afrilu 1875, sun ma taimaka maka sun matse lokacin. Ni a takarda nake jera su, shekarar ƙidaya, ranarta, shekarun da aka rubuta, sai tazarar da kowacce ta bayar, in ga inda suka haɗu.

Amma fa ita ma takardar haihuwar ba wahayi ba ce. A Ingila kwana 42 ake ba iyaye su yi rajista, wasu in sun makara sai su ɗan matso da ranar gaba gudun tara. Wata kuma sai mutum ya girma yana neman fansho ko fasfo aka yi ta, irin wannan kam ba ta fi ƙidaya ƙarfi ba, wani lokacin ƙidayar da aka yi yana ɗan shekara 3 ta fi ta, dan ba mai ganin ɗan shekara 3 ya ce 8.

In tazarar ta kai shekara uku ko huɗu kuma ta ƙi gyaruwa, fara zargin mutum biyu ne. A da in yaro ya rasu akan mayar wa ƙaninsa sunan, sai ka ga na 1872 ya mutu yana goye, na ƙidayar ƙaninsa ne, dan haka leƙa rajistar mutuwa ta tsakanin shekarun, ka kuma gwada sunan uwa da jerin 'yan'uwa, kar ka haɗa shi da takwaransa ɗan baffansa.

Wanda ka zaɓa ka rubuta shi da dalilinka, ɗayan kuma kar ka goge, bar shi a gefe da sunan takardar da ya fito. In ba ka da tabbas sa "wajen 1875" ka ci gaba da nema, kuma ka dinga buɗe hoton asalin takardar, masu kwafa zuwa intanet suna yawan karanta 1 a matsayin 7.